Farantin baiko ya shiga waya: wa ke ƙirga kuɗin?

Da wuya mako ya wuce ba mu ga irin wannan saƙon a zauren WhatsApp na ikkilisiya ba. Wani lokaci hoton ɗan'uwa ne kwance a gadon asibiti, wani lokaci bidiyon gidajen da aka ƙone a wani ƙauye, ko muryar uwa tana kuka don an ɗauke ɗanta. A ƙasan saƙon akwai lambar asusu da sunan banki, tare da roƙon kowa ya tura abin da Allah ya hore masa, ya kuma yaɗa. Wasunmu sukan tura dubu ɗaya ko biyu nan take. Wasu sukan rubuta "Allah ya kawo sauƙi" su wuce. Wasu kuma sun daina buɗe irin waɗannan saƙonni gaba ɗaya, don an taɓa cutarsu.

Iyayenmu a cikin bangaskiya suna da tasu hanyar. Akan yi sanarwa ranar Lahadi, a zagaya da faranti, bayan sujada dattawa biyu ko uku su zauna su ƙirga a gaban juna, ma'aji ya rubuta a littafi, mako mai zuwa a karanta wa jama'a abin da aka samu da inda aka kai shi. Hanyar ba ta da sauri, kuɗin kuma ba ya wuce ƙarfin waɗanda suka zo sujada. Amma kowa ya san inda kobonsa ya shiga.

Yau farantin ya fita daga majami'a. Cikin awa guda yana kaiwa Legas, Fatakwal, Landan da Amurka. Teburin ƙirga ne bai bi shi ba, kuma a nan matsalarmu take. Kafofin sada zumunta alheri ne ga aikin jinƙai. Amma in ba mu mai da kuɗin da ake tarawa ta waya ƙarƙashin irin kulawar da muke yi wa baikon Lahadi ba, za mu wayi gari mutane sun daina bayarwa, mabukata na gaskiya kuma su ne za su sha wahalar.

Me ya kawo mu nan?

Abu biyu ne suka haɗu: buƙata ta ƙaru, hanyar tura kuɗi kuma ta yi sauƙi.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, rayuwa ta yi tsada. A Disamba 2024 alƙaluman gwamnati sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Iyalin da a dā zai iya biyan kuɗin tiyata ta wurin sayar da akuya da buhun masara, yanzu ko ya sayar da gona ba lallai ya kai ba. Ga kuma masifun da suka zo bi da bi: hare-haren jajibirin Kirsimeti na 2023 a Bokkos da Barikin Ladi, inda aka rasa fiye da mutum 150, ɓallewar madatsar ruwan Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumba 2024, ambaliyar Mokwa a ƙarshen Mayu 2025, kisan Yelwata a jihar Binuwai a watan Yuni 2025. A daidai lokacin ne taimakon ƙasashen waje ya ja baya. A Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙetare, daga baya aka rufe hukumar USAID. A Yuli 2025 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai sa ta dakatar da abincin gaggawa ga mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. Nauyin da wasu suke ɗauke mana yana dawowa kanmu.

A ɗaya gefen, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa kowa tura kuɗi ta waya. Mai sayar da ƙosai da ɗan acaɓa duk sun buɗe asusu a OPay, PalmPay ko Moniepoint. Ko tsohuwar da ba ta iya danna waya ba, akwai mai POS a bakin kasuwa. Saboda haka duk mai waya da data zai iya buɗe gidauniya cikin minti biyar, ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Alherin da ke ciki

Kada mu raina abin da wannan hanya ta yi mana. Asibitoci da yawa ba sa taɓa majiyyaci sai an ajiye kuɗi, ciwo kuma ba ya jiran ranar Lahadi. Mata nawa ne aka yi wa tiyatar haihuwa cikin dare saboda zauren Zumuntar Mata ya haɗa kuɗin kafin gari ya waye? 'Ya'yanmu da aiki ko karatu ya kai su nesa, waɗanda a dā sai sun zo hutun Kirsimeti suke jin labarin gida, yanzu suna sa hannu a aikin ikkilisiyar ƙauyensu daga inda suke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, waya kuwa ta ƙara mana hannuwa.

A duniya ma an ga ƙarfin abin. A 2014, wasan zuba ruwan ƙanƙara a kai da ya bazu a Facebook ya tara wa wata ƙungiya a Amurka dala miliyan 115 domin bincike a kan cutar ALS mai shanye jijiyoyi. A shekarar ne kuma aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. Kiran a dawo da su ya zagaya duniya ta Twitter da Facebook, har mutanen da ba su taɓa jin sunan Borno ba suka san halin da ake ciki.

Sai dai mu lura da abin da ya biyo baya. Hayaniyar intanet ta lafa bayan 'yan watanni. A Oktoba 2014 Boko Haram suka mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. Taimakon da ya daɗe yana aiki shi ne wanda 'yan'uwansu na Amurka suka tara a asusu na musamman, miliyoyin daloli, aka bi da shi ta hannun ikkilisiya mai kwamiti da littafi da rahoto. Da shi aka raba abinci, iri da taki, aka gina gidaje, aka yi aikin warkar da zukatan da suka ga tashin hankali, shekara da shekaru. Kafofin sada zumunta sun jawo hankalin duniya, tsarin ikkilisiya kuma ya riƙe aikin bayan duniya ta juya ga wani labari.

Inda amana take karyewa

A 2017 wata mata da saurayinta a jihar New Jersey ta Amurka suka ba da labarin wani marar gida da ya ba matar dala 20 ɗin da ta rage masa sa'ad da manta ya ƙare a hanya. Mutum kusan 14,000 suka tara dala kusan 400,000 a dandalin GoFundMe. Bayan shekara guda aka gano labarin ƙirƙira ne, masu shi suka sha ɗauri, dandalin kuma ya mayar wa mutane kuɗinsu. A wurinmu, inda yawancin roƙo lambar asusun wani mutum ce kawai, ba kamfanin da zai mayar wa kowa ko sisi.

Rashin tsari yana cutar masu gaskiya ma. A 2016 an tara wa wata budurwa mai ciwon daji a Legas miliyoyin naira ta kafofin sada zumunta. Kafin a ankara, a kafofin ne dai aka fara yaɗa cewa damfara ce. 'Yan sanda suka shiga maganar, bincike ya wanke iyalin, amma yarinyar ta rasu ba da daɗewa ba. Iyalin da ke jinya sun ƙare da kare sunansu a bainar jama'a. Da akwai amintacciyar hukuma da ta tsaya tsakaninsu da masu bayarwa tun farko, da ba a kai ga haka ba.

A ikkilisiyoyinmu abin da ya fi yawa ba sata ba ce kai tsaye. Wani matashi mai himma ya ga buƙata, ya sa lambar asusunsa don sauri. Kuɗin taimako ya gauraya da albashinsa. Ya cire kaɗan da niyyar mayarwa. An nemi dubu ɗari uku, an sami dubu ɗari biyar, ba wanda ya ce a daina turawa, ba wanda ya san inda ragowar ta tafi. Majiyyacin ya warke ko ya rasu, amma saƙon yana ci gaba da yawo a zaure-zaure har shekara biyu. Wani mugun kuma yakan ɗauki saƙon gaskiya, ya canja lambar asusun kawai, ya sake shi. Akwai kuma masu kiran waya su ce taron addu'a ne za a yi ta intanet, su nemi ka karanto musu lambobi shida da suka shigo wayarka. Kana karantawa sun ƙwace WhatsApp ɗinka, sai su fara roƙon kuɗi da sunanka. Fastoci da dattawa ne suka fi so, don sun san ba a yi musu gardama.

Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Wanda aka cuta sau ɗaya yakan rufe hannunsa, gwauruwar da za ta zo gobe da buƙata ta gaskiya ita ce za ta tarar da ƙofa a rufe.

Maganar kuɗin fansa

Wannan ita ce mafi zafi, ba ma kuma yin ta da niyyar hukunta kowa. Iyayen ɗalibai fiye da 120 na makarantar sakandaren Bethel Baptist da aka sace a ƙaramar hukumar Chikun a Yuli 2021 sun san ciwon da wanda bai taɓa shiga ba ba zai iya kwatantawa ba. Wanda ɗansa yake daji zai ƙwanƙwasa kowace ƙofa.

Amma dole mu dubi abin da sanarwa a fili take jawowa. A Janairu 2024 an ɗauke wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a yankin Bwari na Abuja. An nemi naira miliyan 60, daga baya aka kashe ɗaya daga cikinsu, aka ɗaga kuɗin zuwa miliyan 100. An yi ta tara kuɗi a dandalin X a idon kowa, har Ministan Tsaro na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ya yi gargaɗin cewa irin wannan tarin zai ƙara dagula lamarin. Tun a Afrilu 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ɗaurin aƙalla shekara 15 ga mai biyan fansa. Ko me ra'ayinmu a kan dokar da ke hukunta iyaye alhali ba a iya kare su ba, abu ɗaya a fili yake: masu garkuwa suna da wayoyi, har wasunsu suna nuna kuɗi a TikTok, suna kuma da masu kai musu labari. Sa'ad da muka rubuta a Facebook cewa an tara miliyan takwas, saura biyu, su ma sun karanta. In kuma suka ga cewa ɗaukar fasto yana girgiza dukan ɗarika, sun gane inda riba take.

Don haka shawararmu ita ce, kada maganar fansa ta hau kafofin sada zumunta da sunan ikkilisiya. A sanar da jami'an tsaro da shugabannin gunduma. A tsaya da iyalin cikin addu'a, a kai musu abinci, a riƙe makarantar yaran, a kula da jinyar wanda ya dawo. Waɗannan ikkilisiya za ta iya yi da hannu biyu.

Wanda ba shi da hoto

Kafofin sada zumunta suna ɗaga abin da ya fi taɓa zuciya da sauri. Jariri mai ƙari a fuska zai sami taimako cikin kwana biyu. Tsohon mai bishara da ya yi shekara arba'in a ƙauyuka, wanda ciwon sukari yake cinsa a hankali, ba shi da hoton da zai ja ido. Wanda yake da ɗa a ƙasar waje ko aboki mai mabiya da yawa zai tara miliyoyi, ƙauyen da ba shi da sabis kuwa ko labarinsa ba za a ji ba. Irin wannan ya taɓa faruwa a Urushalima. A Ayyukan Manzanni sura 6, gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci ne ake mantawa da su a rabon abinci. Manzanni ba su bar abin ga mai ƙarfin murya ba. Sun sa jama'a suka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, aka danƙa musu aikin.

Akwai kuma mutuncin mabukaci. Muna ɗaukar hoton gwauraye a jere, kowace da mudun shinkafa a gabanta. Muna sa hoton mace a gadon asibiti ba a rufe ta da kyau ba, har da takardar likita mai sunan ciwonta. Yaron da aka nuna a matsayin maraya mai bara zai girma ya tarar da hoton yana nan. A Matiyu sura 6 Ubangijinmu ya hana mu yin shelar sadakarmu don mutane su yabe mu. Wasu suna fakewa da wannan koyarwar su ƙi ba da lissafi, alhali abin da ya ce a ɓoye shi ne mai bayarwa. Mu kuwa mun juya abin: muna bayyana sunan mai bayarwa da fuskar mai karɓa, muna ɓoye lissafin. Ya kamata a rufa wa mutanen biyu asiri, a buɗe littafin kuɗi.

Yadda Bulus ya tara gudummawa

Neman taimako daga nesa ba sabon abu ba ne. Manzo Bulus ya yi shekaru yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Galatiya, Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi a Urushalima. Wasiƙa ce hanyar sadarwar zamaninsa, ya kuma yi amfani da ita sosai. Har ya ba Korintiyawa labarin yadda mutanen Makidoniya suka bayar cikin talaucinsu, don ya motsa su. Ashe yaɗa labarin buƙata ba laifi ba ne.

Amma mu duba yadda ya tsara kuɗin. A 1 Korintiyawa 16 ya ce kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada a jira sai ya zo a fara tarawa. Ya ce su da kansu za su zaɓi waɗanda za su kai kuɗin. A 2 Korintiyawa 8 ya aiki Titus tare da 'yan'uwa biyu, ɗaya ikkilisiyoyi ne suka zaɓe shi, ɗayan kuma an sha gwada himmarsa. Ya faɗi dalilinsa a fili: ba ya so wani ya sami abin zargi game da wannan babbar kyauta, yana so aikin ya zama daidai a gaban Ubangiji, a gaban mutane kuma. A sura 9 ya ce kada kowa ya bayar cikin tilas. Ezra ma haka ya yi. Ya auna azurfa da zinariyar Haikali a hannun firistoci kafin a tashi daga kogin Ahawa, aka sake aunawa a Urushalima, aka rubuta kome.

In manzon da ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu bai yarda ya riƙe kuɗin jama'a shi kaɗai ba, ba fasto ko shugaban matasa da zai ce neman lissafi raini ne a gare shi. Lissafi yana kare mai gaskiya kafin ya kama marar gaskiya.

Abin da kowace ikkilisiya za ta iya yi

A 2020, da aka sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, ƙungiyar CAN ta ƙi amincewa da sashe na 839, wanda ya ba hukuma ikon dakatar da amintattun ƙungiyoyi, har da na addini, in ana zargin almundahana. In muna cewa gwamnati ta cire hannunta daga kuɗin ikkilisiya, to wajibi ne mu nuna muna iya sa wa kanmu ido. Ga abin da muke ba majalisun ikkilisiya shawara su tattauna:

1. Kada roƙo ya fita da sunan ikkilisiya ko wata zumunta sai majalisa, ko ƙaramin kwamitin jinƙai da ta naɗa, ya tabbatar da shi. Mutum biyu su je asibitin ko gidan da ƙafarsu. Don gaggawa, a ba kwamitin ikon yanke shawara cikin yini guda.

2. A yi amfani da asusun da ke ɗauke da sunan ikkilisiya, mai buƙatar sa hannun mutum biyu ko uku, saƙon shigar kuɗi kuma ya riƙa zuwa wayar fiye da mutum ɗaya. Inda zai yiwu, a biya asibiti ko makaranta kai tsaye, a karɓi rasit.

3. Kowane roƙo ya faɗi adadin da ake nema, ranar da aka fara, ranar rufewa, da inda ragowar za ta tafi in an wuce adadin. In an rufe, a sanar a duk inda aka yi roƙon.

4. A ba da rahoto a wurin da aka roƙa, a kuma karanta shi a sujada: nawa ya shigo, nawa aka kashe, nawa ya rage. Kada a jera sunaye da adadin da kowa ya bayar a zaure, don yana kunyata marar ƙarfi.

5. Kada a sa hoto ko bayanin ciwon wani sai da yardarsa ko ta iyalinsa. A rufe fuskokin yara.

6. A ware wani kaso na kowane wata don asusun jinƙai na dindindin, domin waɗanda labarinsu ba zai taɓa yin farin jini a waya ba.

7. Matasanmu su koya wa iyaye da dattawa sa lambar sirri ta biyu a WhatsApp, da cewa ba a ba kowa lambobin da suka shigo waya.

Mu kuma a ɗaiɗaiku, kafin mu tura saƙo gaba, mu tuna cewa turawa shaida ce. Wanda ya gan shi daga hannunka zai bayar ne don ya yarda da kai. Ka duba ko sunan da banki ya nuna ya yi daidai da labarin. Ka kira wani da ka sani a ikkilisiyar da aka ambata. In ba ka iya tabbatarwa ba, kada ka tura. Amma kada wannan taka-tsantsan ya zama mafakar rowa. Abin da ka hana roƙon da ba ka amince da shi ba, ka kai shi ga wanda ka tabbatar, ko ga maƙwabciyar da ka san ta kwana da yunwa ba ta faɗa wa kowa ba.

Kwanakin da ke gabanmu za su buƙaci mu bayar fiye da yadda muka saba, mutane kuwa suna bayarwa ne inda suka amince. Muna roƙon kowace majalisar ikkilisiya ta sa wannan magana a jerin abubuwan taronta na gaba, ta fara da tambaya ɗaya: roƙon ƙarshe da ya fita da sunanmu, nawa aka tara, wa ya ƙirga, an kuma faɗa wa jama'a?

Ubangiji ya ba mu zuciyar bayarwa da hannu mai riƙon amana, domin a ɗaukaka sunansa ta wurin hidimarmu. Amin.